Ranar da Aka Kama Ni da Satar Aikina

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban jami'armu. Mai girma babban baƙo, daraktan kamfanin da ya ɗauki nauyin wannan gasa ta ƙirƙirar manhaja, tare da tawagarsa da ta cika layin gaba da ƙamshin turare. Shugaban sashenmu na ilimin kwamfuta. Malamaina, waɗanda suka koyar da ni da waɗanda suka yi niyya. Alƙalan gasa masu adalci. Iyayenmu maza da mata da suka rufe shaguna, suka baro ofisoshi domin su ga 'ya'yansu. 'Yan jarida da kyamarorinsu. 'Yan'uwana ɗalibai da za su shiga gasar bana. Har da ku da ke tsaye a bakin ƙofa saboda kun ji za a raba riguna: assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga hukumar jami'a da ta ba ni wannan makirfo, ina kuma roƙon mai kula da na'ura ya bar shi a kunne har in gama. Ina godiya ga mai gabatarwa, wanda ya kira ni tauraruwar bara, jakadiyar kamfani, abar koyi ga matasa. Rabon da in ji an yabe ni haka a wannan jami'a tun ranar da aka ɗauki hotona.

Godiya ta musamman kuma ga jami'in hulɗa da jama'a na kamfani, wanda mu ɗalibai muke kira Mai Murmushi saboda ba mu taɓa ganin haƙoransa a rufe ba. Shi ya gayyace ni, kuma saboda karamci har jawabi ya rubuto mini. Jawabi ne mai daɗi, babu sakin layin da ba a ambaci mafarki da makoma a cikinsa ba. Na bar shi a kan kujerata, domin na ga an buga a ƙasansa cewa mallakar kamfani ne, ni kuwa a 'yan kwanakin nan ina tsoron taɓa kayan mutane. Saboda haka za ku yi haƙuri da nawa, wanda ba shi da ado, sai dai abin da ya faru.

Abu na farko da zan faɗa shi ne inda manhajar da ta ci gasar bara ta fito, domin a allunan talla an rubuta cewa gasa ce ta haife ta.

Mahaifina yana da ciwon ƙoda. Ga wanda Allah bai jarrabi gidansu da wannan ba, ma'anarsa ita ce a kowane mako sai an kai shi asibiti an haɗa shi da inji ya wanke masa jini, idan kuwa aka jinkirta, ruwa ya taru a jikinsa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Ɗakin wankin ƙodar dogo ne, injuna jere a jikin bango, talabijin a sama wadda ba a taɓa jin muryarta ba, a baranda kuma ga bencin masu jinya inda mahaifiyata ta fi kowa daɗewa. Injunan kaɗan ne, marasa lafiya da yawa, kowa da ranarsa. To, sai ya zama wani lokaci mai rana ba ya zuwa: ko an kwantar da shi a wani wuri, ko motar da za ta kawo shi ta lalace, ko kuma Allah ya yi masa cikawa. Inji ya wuni a zaune, alhali ga wani can a gida yana haki. Babbar nas ɗin ɗakin takan so ta kira wani ya zo ya maye gurbin, amma hannunta ɗaya yana kan allura, ɗayan yana kan bututun jini, da wanne za ta riƙe waya?

Wannan na gani ina zaune a benci, shi ya sa na fara rubuta manhaja. Aikinta ɗaya ne: idan gurbi ya samu, nas ta danna wuri guda, manhaja ta kira wanda ya fi kowa buƙata, idan ba zai iya zuwa ba, ta kira na bayansa. Abokin karatuna, wanda kowa ya sani da Tabarau, shi ya haɗa ɓangaren kiran waya, kuma ya fi ni iya wannan nesa ba kusa ba. Da yake yawancin marasa lafiyar dattawa ne da ba sa karanta saƙon waya, sai muka ce a yi da murya. Muka gwada muryar na'ura, Baba ya ce kamar aljana ce ke kiransa. Sai muka roƙi Mama.

A cikin durowar kaya muka ɗauki muryarta, tsakanin rigunan Baba, domin nan ne kawai ƙarar titi ba ta shiga. Na ba ta abin da za ta karanta, ta duba ta miƙo mini. Ta ce, "Ni ba zan kira dattijo in ce masa danna ɗaya ban gaishe shi ba. Ba haka aka rene ni ba." Shi ya sa duk wanda manhajar ta kira, abin da yake fara ji shi ne, "Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi." Ranar da muka gwada a wayar Baba, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Shekara da shekaru muna tare da matar nan, ban taɓa jin ta yi mini magana da taushi haka ba. Ku bar mini abin nan."

Manhajar ta fara aiki a wannan ɗaki, kyauta, tun kafin a manna takardar gasa ko ɗaya a bangon jami'ar nan. Ba a ɗakin taro mai sanyi aka haife ta ba, ba a ƙarƙashin tambarin kowa ba. A kan benci aka yi cikinta, a cikin durowa ta fara magana.

Abu na biyu shi ne gasar kanta.

An ce mana shiga gasa ganin dama ne. Sai dai a makon da aka manna takardar gasar shugaban sashe ya sanar cewa shigarta tana cikin makin darasinsa, saboda haka ganin dama ne irin na jarrabawa. A shafin rajista akwai ɗan akwati da ake dannawa, a gefensa an rubuta "Na amince", a samansa kuma sharuɗɗa cikin Turancin lauyoyi, wanda ko Baturen sai ya nemi tafinta. Na daure na karanta. A can tsakiya na ci karo da inda aka ce duk abin da ɗalibi ya miƙa, ya ci ko bai ci ba, ya zama na kamfani, a ko'ina cikin duniya, har abada. Ni a iya sanina, Allah kaɗai ke da irin wannan mallaka.

Na je ofishin shugaban sashe na nuna masa. Ya cire gilashinsa, ya yi dariya irin ta manya, ya ce, "'Yata, wannan ai al'adar lauyoyi ce, idan ba su rubuta haka ba ba sa jin sun yi aiki. Kina ganin kamfani kamar wannan zai rasa abin yi sai ya bi ɗan aikinki na makaranta?" Na je wurin Mai Murmushi na maimaita tambayar. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Ƙanwata, daga yau mu da ku iyali ɗaya ne." Wannan kam na fahimta, domin a gidanmu ma idan ƙanwata ta ɗauki mayafina ba ya dawowa.

Muka danna, muka shiga. Ɗaliban da suka danna tare da mu sun cika wannan zaure, kowa da abin da ya ƙirƙira: mai manhajar sayar da kayan gwari, mai ta koya wa kurame karatu, mai ta bin sawun motocin haya. Uku aka ba kyauta. Sauran an ba su riga da hula, an kuma karɓi aikinsu gaba ɗaya. Ban san wata kasuwa a duniya da ake sayen aikin shekara da riga ba, kuma rigar ma tallan mai sayen ce a bayanta.

Alƙalai sun yi mana tambayoyi masu zurfi. Babu wanda ya tambayi yadda manhaja ke gane wanda ya fi jin jiki. Na farko ya tambayi yawan asibitocin da ke wankin ƙoda. Na biyu ya tambayi ko marasa lafiyar suna da 'ya'ya masu albashi. Na uku, Allah ya ƙara masa basira, ya ba da shawarar a riƙa saka tallan lemon kwalba kafin saƙo, ga mutanen da ruwan sha ma aunawa ake yi musu.

Muka zo na ɗaya. Aka kira mu kan wannan dandamali, aka miƙo mana cek na kwali wanda ya fi ƙofar ɗakinmu faɗi. Direban tasi ya ce ko ni ko cek, ba zai ɗauki mu biyu a ciki ba, sai a saman mota aka ɗaure shi. Yanzu haka yana rufe da tagar kicin ɗinmu da ta fashe, kuma ina shaida wa kamfani kwalin mai inganci ne, ko ruwan sama bai taɓa ratsa shi ba. Aka kuma ba mu kwamfuta, wadda daga baya muka gano aro ce. Babbar kyautar dai, wadda aka fi tafa wa, ita ce damar samun horo a ofishin kamfani lokacin hutu.

Jama'a, mun samu horo. Ofis ne na gilashi, kujeru masu juyawa, matasai kala-kala a ƙasa domin wanda tunani ya gajiyar, ga na'urar shayi da ba ta hutawa. Kullum da safe injiniyoyinsu sukan zagaye mu da littattafan rubutu, mu buɗe manhaja layi-layi muna yi musu bayani, suna gyaɗa kai suna rubutawa. Da hutu ya ƙare, babu abin da ya rage ba mu koya musu ba. Sai aka ba mu takardar shaidar cewa an horar da mu.

Sun riƙe Tabarau aiki, kuma ya karɓa. Ga shi can baya kusa da kwalayen riguna, ya sunkuyar da kai. Ɗago kanka, ɗan'uwa. Na san ƙannen da kake ɗauke da su, kuma ban zo nan don kai ba.

Abu na uku shi ne abin da ya faru a asibiti, kuma a nan ina roƙon a rage dariya.

Wata safiya wani matashin lauya ya shiga ɗakin wankin ƙoda da kwat da jaka. Babbar nas ta ce mini yaron yana da ladabi, har da rusunawa ya gaishe ta, sannan ya sanar da ita cewa tana amfani da kayan kamfani ba tare da izini ba. Aka kashe manhajar a ranar. Bayan wani lokaci ta dawo da sabon suna da sabon launi, da kuma sabon tsari: kowane marar lafiya zai riƙa biyan kuɗin wata. An kuma gyara mata hankali. Ta daina fara kiran wanda ya fi jin jiki, ta koma fara kiran wanda ya biya babban tsari. Abu ɗaya ne ba su taɓa ba, shi ne muryar.

Rannan wayar Baba ta yi ƙara yana kwance, Mama ta ɗauka. Ta ji kanta tana cewa, "Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi." Sai wata baƙuwar murya ta shigo: "Domin jin ragowar wannan saƙo, sai ka sabunta rajistarka." Mama ta cire wayar daga kunne ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Wace ce wannan marar tarbiyya da take katse ni ina magana?"

Ragowar saƙon shi ne gurbi ya samu. Baba yana cikin masu tsananin buƙata a wancan makon, domin injin da yake kai ya lalace a ranarsa. Kafin mu gama fafutukar rajista, gurbin ya tafi ga wani. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, ya koma barci a zaune saboda idan ya kwanta numfashi ba ya fita, daga ƙarshe muka ɗauke shi ranga-ranga aka kwantar da shi. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Ba zan tsaya a nan in ce kamfani ne ya sa masa ciwo ba, ciwonsa ya girmi kamfanin. Abin da na ce shi ne: an kira shi da muryar matarsa, da manhajar 'yarsa, aka rufe masa ƙofa a tsakiyar magana.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci wa Mama rai. Duk mutanen benci sun san muryarta. Wata tsohuwa da ke jinyar ɗanta ta matso kusa da ita ta ce, "Baiwar Allah, ashe ke ma kin fara karɓar kuɗi a kanmu? Da ke muke zama a nan muna kuka tare." Mama ta tashi ta bar wurin. Daga ranar ta daina zama a benci, ta koma kan matattakalar bene ita kaɗai, matar da duk sabon zuwa a wurinta yake koyon yadda ake jinya.

Na koma ofishin gilashi na roƙi abu ɗaya: su riƙe manhajar, su cire muryar uwata. Mai Murmushi ya ba ni shayi, ya ce ya ji zafin abin har cikin ransa. Sannan ya ce, "Sai dai muryar tana cikin abin da kuka miƙa. Kuma bincikenmu ya nuna marasa lafiya sun fi yarda da ita, idan muka canza za mu yi asarar masu rajista." Na gode masa da wannan bayani, domin a ranar na gane ainihin abin da ake sayarwa. Manhaja kowane injiniya zai iya rubutawa. Yardar da mutane suka yi wa uwata ce aka zuba a kwali aka manna wa farashi.

Mama ba ta san lauya ba, ba ta kuma nemi shawarata ba. Wata rana ta tashi daga matattakala ta koma benci, ta bi masu jinya ɗaya bayan ɗaya ta karɓi lambobinsu, ta shiga wurin babbar nas suka yi magana. Yanzu idan gurbi ya samu, nas takan leƙo ta taga ta faɗa mata wanda ya fi buƙata, ita kuma ta kira shi da wayarta. Ga yadda take farawa: "Sannu da jiki. Ni ce da kaina, ba ta kamfani ba." Ina sanar da matashin lauyan nan, idan yana cikin zaure, cewa tana nan a bencin kullum, ko zai so ya je ya duba izininta. Ina dai ba shi shawara ya fara da gaisuwa.

Abu na huɗu, wanda ya sa har yau nake ɗaliba alhali abokan karatuna sun fita.

Wannan manhaja ita ce aikina na kammala karatu, da ita aka amince mini tun farkon shekara. Na rubuta, na miƙa. Jami'armu kuwa tana da na'ura mai kama ɓarayin ilimi, wadda ke gwada aikin ɗalibi da abin da ke duniya. Na'urar ta duba, ta ga aikina ya yi kama da wata manhaja ta wani babban kamfani, layi da layi, har da kurakuran. Aka kira ni gaban kwamitin ladabtarwa.

Ɗaki ne mai dogon tebur, kowane malami da gorar ruwa a gabansa. Shugaban sashe ne a tsakiya. A bangon da ke bayansa, daidai saman kansa, an rataye babban hoto: ni da shi, muna riƙe da cek na kwali muna dariya.

Ya ce, "Kin san hukuncin satar fasaha a wannan jami'a?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Wa na yi wa sata?"

Ya ce, "Kamfani."

Na ce, "Shi kamfanin a ina ya samu?"

Ya juya takardun gabansa, ya ce, "Wannan ba ya cikin abin da aka kafa kwamiti ya bincika."

Na roƙe shi ya ɗan waiwaya ya dubi bango. Ya ce kada in kawo raini. Wata malama a ƙarshen tebur ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, kuma ita kaɗai ce ta ƙi sa hannu, Allah ya saka mata. Hukuncin da aka yanke cikin tausayawa shi ne ba za a kore ni ba, amma an riƙe sakamakona har sai na kawo rubutaccen izini daga mai kayan. Ranar yaye ɗalibai ina tsaye a bayan wancan shingen ina riƙe wa ƙawata jaka.

Na nemi izinin. Kamfani, cikin halin girma, ya amince zai ba ni damar amfani da aikina domin karatu kawai, bisa sharaɗi guda: in zo bikin buɗe gasar bana in faɗa wa sababbin ɗalibai abin da na gani a gasar bara. Na tambayi Mai Murmushi a gaban sakatariyarsa, "Abin da na gani?" Ya ce, "Ƙwarai, daga zuciyarki." To, ga shi ina cikawa, ban rage komai ba.

Yanzu sai roƙo.

Ya mai girma darakta, ban ɗauke ku abokan gaba ba. Kamfani ba gidan sadaka ba ne, kuma babu wanda ya ce ya zama. Idan kuna son aikin ɗalibi, ku saya, a zauna a yi ciniki ido da ido, ya ce ya sayar ko ya ce albarka. Idan kuna son ɗalibin, ku ɗauke shi aiki. Idan kuna son taimakon ilimi, ku taimaka ku tafi, za mu yi muku addu'a. Amma kada ku zo sayayya ku kira ta gasa, kada ku zo ɗauka ku kira ta kyauta, kada ku tara basirar aji guda a buhu sannan ku jira mu tafa muku.

Ya mai girma shugaban jami'a, ɗakunan karatun nan naku ne, wutar da kwamfutocin suka sha taku ce, malaman ku kuke biya, ɗaliban kuma iyayensu ne suka hana kansu suka kawo su. Na ga an sake fentin ƙofar shiga da launin kamfani, kuma ta yi kyau. Ina roƙo a bincika ko fentin ya kai abin da aka fitar ta ƙofar. Jami'a tana da lauyoyi, na ga ofishinsu, har da na'urar sanyaya ɗaki. A ba su sharuɗɗan nan su karanta kafin a ba yara. A raba makin darasi da gasar 'yan kasuwa. A kuma kafa doka cewa duk gasar da za ta shigo harabar nan, aikin ɗalibi na ɗalibi ne, ya ci ko ya faɗi. Na'urarku mai kama ɓarayi kuma a koya mata tambayar wa ya riga wa.

Ya ku iyayenmu, idan yaro ya dawo gida da riga da hula yana murna, ku taya shi murna, sannan ku tambaye shi me ya bari a can.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ga allo nan a bayana, ga ɗan akwatin nan yana jira, da na sauka za a ce ku ciro wayoyinku. Na duba sharuɗɗan bana. Sakin layin yana nan, an dai ƙara masa ado. Ban ce kada ku yi gasa ba, gasa tana wasa ƙwaƙwalwa, kuma a cikinku akwai waɗanda suka fi ni. Amma kowannenku ya san dalilin da ya sa ya rubuta abin da ya rubuta: wani don shagon babansa, wata don ƙaninta da ba ya ji, wani don unguwarsu. Ku tambaya da babbar murya, a nan, gaban kyamarori: bayan gasa, aikin na wane ne? Idan aka ce muku ku iyali ne, ku ce a rubuta. Idan aka ce al'adar lauyoyi ce, ku ce a goge tunda ba ta da amfani. Ɗalibi ɗaya idan ya ƙi dannawa, maki zai rasa. Idan zauren nan gaba ɗaya ya mayar da waya aljihu, babu gasa, domin 'yan jaridan nan ba kujeru suka zo ɗauka ba.

Takardar izinina tana cikin jakar da Mai Murmushi ya ɗora a kan cinyarsa, ya ce zai ba ni da na sauka. Na lura tun ɗazu bakinsa a rufe yake, abin da ban taɓa gani ba. Idan ya ba ni, na cika sharaɗi, shi ma ya cika. Idan ya hana, zan sake shekara, kuma na riga na fara sabon aiki wanda ba zai shiga gasar kowa ba. Baba ya ce mini da safe, "Ki je ki faɗa. Ni da nake jiran inji kowane mako, jiran takarda ba zai ba ni tsoro ba."

Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka halarce shi. Allah ya ƙara wa kamfani arziki ta hanyar da zai iya faɗa a gaban mutane. Allah ya ba shugabanninmu ƙarfin waiwaye. Allah ya tsare basirar 'yan'uwana, ya sa su ci moriyarta da hannunsu, su da iyayensu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na kan inji da masu jiran kira a gida, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Zan roƙi shugaban taro ya yi mini uzuri, ba zan tsaya hoto ba. Yau ranar wankin ƙodar Baba ce, kuma ni zan karɓi Mama a benci.

Na gode.